Wa Ke Karanta Wa Jama'a Jarida? Tunanin Ɗalibi Daga Sabon Wuse

Rubutun nan yana da tsawo, don haka wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya ajiye sai ya samu sarari.

Mako uku da suka wuce na dawo gida Sabon Wuse hutun ƙarshen zango. Ina zaune teburin mai shayi da daddare, manyan motocin Kaduna suna ta wucewa, sai ga kiran wani abokina da muka yi digirin farko tare. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Mutumina, akwai harka." Wai wani ɗan siyasa ne yake neman yara masu iya rubutu. Kowane wata za a turo kuɗin data da ɗan na cefane. Aikin shi ne in buɗe shafi uku da sunaye daban-daban, in riƙa kare maigida, in kuma aka turo wani labari a kan abokin hamayyarsa in gyara Hausar in saki. Ya ce, "Kai da kake karantar abin ma, ai kai ya kamata ka ja mu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ce a'a nan take ba. Ina digiri na biyu a fannin sadarwar siyasa, ban gama biyan kuɗin makaranta ba, ga kuɗin ɗaki, ga kuɗin mota zuwa wuraren da zan tattaro bayanan bincikena. Na ce ya ba ni kwana biyu. A cikin kwana biyun nan ne na koma kan takardun da na tara na babi na biyu na kundina, wato tarihin kafafen yaɗa labarai a Arewa. Abin da na gani a ciki shi nake so in ba ku, don na san ba ni kaɗai aka yi wa irin wannan tayin ba.

A aji, darasinmu daga Amurka yake farawa. Za a gaya maka Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu zaɓe a wata gunduma ta jihar Ohio lokacin zaɓen 1940, suka fitar da littafi a 1944. Sun gano cewa yawancin mutane ba kai tsaye jarida ko rediyo ke sauya musu ra'ayi ba. Akwai wani mutum a tsakiya, wanda ya fi su bibiyar labarai kuma suka yarda da shi, daga bakinsa suke ɗauka. Sai a kawo McCombs da Shaw na 1972, masu cewa kafar labarai ko ba ta iya gaya maka ra'ayin da za ka ɗauka ba, tana iya zaɓa maka abin da za ka yini kana magana a kai. Sai Habermas na Jamus da zancensa na dandalin da jama'a ke haɗuwa su yi muhawara. Duk mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Amma ranar da na fara karanta Lazarsfeld dariya ce ta kama ni, don mutumin nan na tsakiya ai na san shi tun ina yaro. A kowace majalisa ta unguwarmu akwai shi.

Kuma ya daɗe a ƙasar nan. Tun kafin injin ɗab'i ya zo, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara yadda saƙo zai isa ga matan ƙauye. Takan rubuta waƙa, ta koyar da jajis, su kuma su koma garuruwansu su rera wa 'yan taru. Mutum ɗaya ya karanta, mutum ashirin su ji. Sarakuna kuma suna da masu shela da maroƙa. Wato mu tun asali da kunne muke karɓar labari, kuma daga bakin wanda muka sani.

Jaridar Hausa da ta fi kowace suna kuwa, jita-jita ce ta haife ta. A ƙarshen shekarun 1930 magana ta bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Turawan mulki suka ga ba su da bakin da za su ƙaryata wannan magana da harshen da talaka ke ji. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin kulawar Dakta Rupert East, kuɗinta kwabo ɗaya. Editanta na Hausa shi ne Malam Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Mu 'yan jihar Neja mu riƙe wannan: a Kagara aka haife shi a 1911.

Masu iya karatun boko a lokacin ba su da yawa, amma jaridar ta yi tasirin da ya fi yawan kwafinta, saboda kwafi guda sai ya zaga unguwa. Malamin elemantare ko akawun En'e zai zauna a ƙofar gida bayan la'asar, ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare suna yi masa tambaya. Shi ne zai zaɓi labarin da zai fara da shi, shi zai tsallake wanda bai yi masa ba, shi zai ƙara bayani. Duk abin da edita ya rubuta a Zariya, sai ya bi ta bakin wannan mai karatu kafin ya shiga kunnen manomi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Imam shi ne matsayin da ya samu kansa. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa jaridar, ita ke biyansa albashi. Duk da haka ya buɗe shafin wasiƙun masu karatu, inda samarin Arewa suka fara faɗin damuwarsu a rubuce kan ilimi da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, yana cikinsu tare da Dakta Nnamdi Azikiwe. Da Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Amma a wannan tafiyar ce ya gana da tsohon Gwamna Lugga, daga baya ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana matsalolin mulkin da shi Luggan da kansa ya dasa a Arewa. Kana iya ganin ya yi daidai, kana iya ganin ya yi kuskure a kan takardar Azikiwe. Abin da ba ka iya cewa shi ne ya ɓoye fuskarsa. Ya ƙi da sunansa, ya yi suka da sunansa, kuma kowa ya san wanda ke biyansa.

Daga cikin irin waɗannan masu karatu da masu rubuta wasiƙa siyasar Arewa ta tsiro. Tarurrukan 1948 a Zariya da Kaduna su suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa NEPU a Kano. 'Yan NEPU ba su da gwamnati, ba su da En'e, kuma suna kallon Gaskiya a matsayin bakin masu mulki. Sai suka nemi hanyarsu. Suka jingina da jaridar Comet ta kamfanin Azikiwe, wadda aka mayar Kano a 1949. Suka riƙe waƙa, irin ta su Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin. Suka riƙe lacca a filin kasuwa, inda su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ke magana da talaka baki da baki. Da yawansu sun sha ɗauri da bulala a kan maganar da suka faɗa. Ba wanda ya tura musu kuɗin data, 'yan uwa. Su suka biya, da jikinsu.

A gefe guda gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya. Amma abin da ya sauya komai shi ne rediyo, don shi ba ya tambayarka ko ka yi makaranta. Ranar 13 ga Maris, 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga gona, ta shiga ruga, ta hau teburin mai shayi, kuma har yau ba ta sauka ba.

Masu neman mulki sun gane haka tun da wuri. Jaridar New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairu, 1966. Bayan mako biyu, ranar 15 ga wata, aka kashe Sardauna, kuma ta rediyon da shi ya gina Manjo Nzeogwu ya yi wa Arewa jawabi. Tun daga nan duk sojan da ya tashi juyin mulki, gidan rediyo yake fara nema. Har yau masana tarihi suna muhawara kan irin rawar da jaridu da rediyo da jita-jita suka taka a rikicin da ya biyo baya a shekarar. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauka tarihin nan duk abin alfahari ne. Harshen da ke wayar da kai, shi ne kuma ke kunna wuta. Wanda ya karanta abin da rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994 ya san inda abin kan iya kaiwa.

Garinmu ma jawabin rediyo ne mafarinsa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi, har da Neja, ya kuma sanar za a ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Garin Abuja na asali ya ba da sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen tsohuwar Wuse aka taso su aka kawo su nan, shi ya sa ake cewa Sabon Wuse. Ku duba yadda abin ya kasance: an yanke magana a Legas, an sanar a rediyo, masu gonakin sun ji ne bayan an gama. Saƙo yana saukowa daga sama, amma ba hanyar da amsa za ta hau. Bayan kwana goma aka kashe Murtala, kuma ta rediyo Dimka ya sanar da yunƙurinsa.

Zamanin soja 'yan jarida sun ɗanɗana kuɗarsu. Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. Ranar 19 ga Oktoba, 1986 aka kashe Dele Giwa da bom a cikin ƙunshin wasiƙa. Mu kuma a Arewa ba mu cika ambaton Bagauda Kaltho ba, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, wanda ya ɓace a zamanin Abacha bai sake dawowa gida ba. Duk ɗalibin aikin jarida da bai san sunan nan ba, ya je ya nema.

Ƙofa ta fara buɗuwa a 1992, lokacin da Doka ta 38 ta kafa hukumar NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin. Raypower ta fara a Legas a 1994. A Kano, Freedom Radio ta buɗe a ƙarshen 2003, shirye-shirye irin su Kowane Gauta da Inda Ranka suka sa talaka ya ji muryarsa da ta maƙwabcinsa a iska. Ga Hannu da Yawa a Rediyon Kaduna, ga Ra'ayi Riga a BBC. A karon farko amsa ta samu hanyar hawa sama. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 22, ya ɗora wa kafafen labarai nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani, aka kuma samu dokar 'yancin samun bayanai a 2011.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Rediyo mai zaman kansa da talla yake rayuwa, kuma babban mai sayen fili a Arewa ɗan siyasa ne. Nan aka samu sojojin baka: mutum ya shiga situdiyo da kuɗin maigida a aljihu, ya yabi wannan ya ci mutuncin wancan, gobe in ciniki ya sauya ya koma ɗaya ɓangaren ko kunya babu. Amma ko sojan baka yana da abu ɗaya da ya rage masa: ana jin muryarsa, an san sunansa, an san gidan da yake yi wa aiki. Mai sauraro yana iya cewa, "Ai wane ne, yaron wane ne," ya rage wa maganar nauyi.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Ranar 8 ga Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a Suleja, ya kashe mutane, cikinsu har da 'yan hidimar ƙasa da suka je duba inda aka tura su aiki. Lokacin ina sakandare. Kafin isha'i labari ya kasu kashi goma a unguwarmu, kowa da adadin da ya ji, kowa da wanda yake zargi. Samari sun fara taruwa, rai a ɓace. Mahaifina, wanda shi majalisarsu ke jira ya fassara musu labarai, ya ce ba wanda zai ƙara cewa komai sai an ji shirin ƙarfe takwas da rabi. Aka kewaye rediyo. Da aka gama ya maimaita musu abin da aka tabbatar, ya ce sauran duk ji-ta-ji-ta ne, kowa ya tafi gida. Kuma aka tafi. A lokacin ban san sunan abin da ya yi ba. Sai da na zo digiri na biyu na gane shi ne mutumin Lazarsfeld, shi ne akawun da ke karanta Gaskiya a ƙofar gida, shi ne jaji.

To yau wa ke zaune a wannan kujera? Mu ne. In ka koma gida hutu, wa ake miƙa wa waya a ce, "Duba mana, wannan bidiyon gaskiya ne?" Wa inna ke tambaya ko da gaske an ce za a raba tallafi? Wa ke rubuta dogon bayani a Facebook, a ɗauke shi a mayar da shi saƙon murya, ya zaga zaurukan WhatsApp na masu kabu-kabu da 'yan kasuwa da matan unguwa? Ɗan jami'a ne. An yarda da kai saboda an ga ka yi karatu kuma an san gidanku. Ɗan siyasar nan ba Hausata yake son saya ba, masu Hausa sun yi yawa. Yardar da mutanen garinmu suka yi mini yake so, ya biya kuɗin wata ya ara. Shafi uku masu sunan bogi kuma su ne za su zo ƙarƙashin rubutuna su ce "wallahi haka ne," don a ga kamar jama'a ne suka yi ittifaƙi.

Nan ne bambancin yake. Imam gwamnati ke biyansa, an sani. 'Yan NEPU jam'iyya suke yi wa aiki, an sani. Sojan baka ma an san ubangidansa. Mu ne na farko a wannan dogon tarihi da ake nema mu karɓi kwabon a ɓoye, sannan mu fito a matsayin 'yan ba-ruwanmu. Muna yawan kukan gwamnati na toshe baki, kuma gaskiya ne, mun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Amma wanda aka toshe wa baki ya san an toshe. Wanda ɗan unguwarsu ya sayar wa ƙarya kuwa, zai je rumfar zaɓe yana ganin da hankalinsa ya yanke shawara.

Na kira abokina na ce ba zan yi ba. Ya ce in bar wannan aƙidar ta littafi, wani zai karɓa kafin gobe. Na san gaskiya ya faɗa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban cike kuɗin makarantar ba, don haka ba waliyyi na zo in nuna muku ni ne ba. Ban kuma ce haramun ne ɗalibi ya yi wa ɗan takara aiki ba. Siyasa ba ta yiwuwa sai da masu tallata ta, kuma aikin sadarwa sana'a ce da muke karanta don mu ci abinci da ita. Roƙona uku ne kawai. In za ka yi, yi da sunanka na gaskiya. Ka faɗa wa masu karanta ka cewa aiki kake yi wa wane. Kuma duk labarin da ba ka tabbatar ba, kada ya bi ta hannunka, ko na ɓangarenku ne, musamman ma in na ɓangarenku ne.

Ga masu neman abin da za su yi bincike a kai kuma, ƙanne na digirin farko da abokan tafiya na digiri na biyu, filin nan a buɗe yake. Tsofaffin jaridu da takardu suna nan a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna. Dattawan da suka ga zamanin NEPU da NPC suna ta ƙarewa, ba a naɗi muryoyinsu ba. Majalisar unguwa, teburin mai shayi, tashar mota, saƙon murya na WhatsApp, duk wuraren da ra'ayin siyasar Arewa ke dahuwa ke nan, amma kundayenmu da yawa suna ƙarewa ne a ƙidayar kanun jaridun Turanci da mutanenmu ba sa karantawa. Ni dai nawa kundin a kan mutumin tsakiya zai tsaya, kuma daga Sabon Wuse zan fara.

Jiya da daddare na koma wurin mai shayin. Rediyonsa na rataye jikin ƙusa kamar kullum, amma ba wanda ke sauraro, kowa ya duƙufa kan waya. Wani dattijo direban babbar mota ya miƙo mini tasa ya ce, "Ɗan boko, duba mini wannan, da gaske ne?" Na duba, tsohon bidiyo ne na wata ƙasa aka liƙa masa sunan wani gari na kusa da mu. Na gaya masa. Ya ce to Allah Ya yi albarka, har ya tura wa mutum biyar, bari ya bi su ya ce su goge.

Wanda aka taɓa yi wa irin tayin da aka yi mini, ina so in ji yadda ya yi, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Ba zagi, ba gori. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya rufa mana asiri.